Hodar silikat mai haske a duhu: na gwada ta da ruwa

Na sayi hodar nan, mai zuƙar haske ta riƙa fitar da shi a duhu, don in yi wa matakalar ɗakin aikina alama. Da farko da hodar sinadarin aluminet mai koren haske nake amfani, amma da ta jima cikin fentin ruwa sai ta dunƙule, haskenta ya mutu. Wannan kuwa hodar sinadarin silikat ce mai ɗauke da ƙarafan sitirontiyom da maganeziyom, an sa mata ɗan yurofiyom da disfurosiyom, su ma ƙarafa ne. Yurofiyom ke ba da hasken, disfurosiyom kuma ke sa ya daɗe yana fita a hankali.

Na zuba cokali guda a kofin ruwa, na bar shi mako biyu, na tace, na shanya a rana. Da na shiga duhu da ita, sai ga shuɗin haske kwance a tafin hannuna, ko ɗigo bai ragu ba. Gaskiya na ji daɗi.

Sai dai ba ta kai aluminet ƙarfin haske ba, kuma ƙwan lantarki mai rawayan haske ba ya cika ta sosai, rana take so. Tana kuma kwanciya a gindin gwangwanin fenti, dole ka riƙa juyawa.

Kuskurena ɗaya, na niƙa rabinta don ta yi laushi. Ƙwayoyin nan a wutar da ta haura digiri 1000 a ma'aunin Celsius ake gasa su, niƙa kuwa farfasa su yake yi. Matakan da na shafa wa niƙaƙƙiyar sun fi sauran dusashewa, ko da na sa farin fenti a ƙarƙashi don ya ƙara fito da hasken.