Fim ɗin kimiyya: mai dogon zango ko na zama ɗaya?

Matasa a Gombe, daga Jekadafari zuwa Pantami, suna yawan tambaya: in mutum zai fara kallon finafinan ƙagaggen labarin kimiyya, irin na jiragen sararin samaniya da mutum-mutumi, da wanne zai fara?

Ta fuskar data, fim guda na awa biyu mai hoto tsaf yakan ci gigabait 1 ko fiye da haka. Kashi ɗaya na shiri mai dogon zango galibi minti 45 ne zuwa awa ɗaya, amma zango guda yanzu kashi 8 ne zuwa 10, na da kuwa har 20 da ɗoriya. Ka lissafa da kanka, ga cajin waya in babu wuta.

Inda mai dogon zango ya yi zarra shi ne bayani. Dokar duniyar da aka ƙirƙira, misali yadda ake tafiya cikin lokaci, ana warware ta sannu a hankali har ta zauna maka. Fim guda yakan cusa ta cikin minti goma na farko, kana ɗauke ido ka ɓace. Sai dai kasada tana nan: kamfani kan dakatar da shiri idan masu kallo suka ragu. Star Trek na asali, wanda ya fara a Amurka a 1966, zango uku kawai ya yi.

Kyan hoto kuma, galibi fim guda ne ke gaba, don kuɗinsa a wuri ɗaya aka zuba.

Ɗalibi mai hutu da haƙurin bibiya, mai dogon zango ne nasa. Ɗan kasuwar da sai bayan isha'i yake samun sarari, ya nemi fim guda ya gama a daren.