Jirgin ruwan shaƙatawa na Dubai: ƙarfe bakwai ya tsaya, sai wajen sha ɗaya muka fita

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman mutanenmu masu harkar riɗi da zoɓo na ɓangaren Gumel da Maigatari da ke ta tambaya ko wannan yawon jirgin ruwa da ake yi daga Dubai lokacin sanyi ya kai kuɗinsa. Kun san kuɗin, kun san masu sayar da tikitin, ba sai na maimaita ba. Ni dai a ganina ya kai. Ɗaki tsaf, abinci ba a cewa komai, an zaga da mu Abu Dhabi da Doha lafiya lau. Wannan kowane ejan zai faɗa muku. Ranar sauka ce ba mai yi muku bayaninta, kuma ita ce ta cinye min rabin daɗin tafiyar.

A takardar tafiya za ku ga an rubuta isowa ƙarfe 7:00 na safe. Wannan lokacin da za a ɗaure jirgi ne a bakin tasha, ba mai taka ƙasa a lokacin. Sai jami'an shige da fice da na kwastan sun duba takardun jirgin sun ba da izini, sannan a fara fitar da jakunkuna ana jerawa a zauren kaya, kafin a buɗe wa fasinja ƙofa. Wannan kaɗai kan ci rabin awa, wani lokaci awa guda. Bayan nan kowane mutum sai an ɗora katin ɗakinsa a kan na'ura, hotonsa ya fito, a tabbatar shi ne kuma ba a bin sa bashi. Manyan jiragen nan suna ɗaukar mutum dubu huɗu zuwa dubu shida. Ku yi lissafin da kanku: mutum 5,000, ƙofa biyu, kowa ya ci daƙiƙa huɗu a gaban na'ura, ai an doshi awa uku ke nan ko da ba wanda ya tsaya lalubar kati a aljihu. Shi ya sa ake raba mutane rukuni-rukuni. Kamfanin kuma yana son jirgi ya zama wayam wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya, don a ranar sabbin fasinjoji za su shiga ɗakunan da kuka bari.

Aikin sauka tun daren jajibirin ranar yake farawa. Mai gyaran ɗaki zai ajiye muku wasu dogayen takardu masu launi da lamba, waɗanda ake ɗaurawa a hannun jaka. Launin nan shi ne komai: shi zai nuna ƙarfe nawa za a kira ku, a wane zaure za ku jira, da layin da za ku tarar da kayanku a ƙasa. Ana rubuta suna da lambar waya a jiki, a yage ɗan guntun a riƙe, a fitar da jakar ƙofar ɗaki kafin lokacin da aka yanke, yawanci tsakanin goma na dare zuwa sha biyu. Daga nan ba ku ƙara ganinta sai a zauren kaya. Don haka kayan da za a sa da safe, takalmi, sallaya, maganin hawan jini da na siga, caja, fasfo, katin rigakafin shawara da katin ɗaki, duk a ƙaramar jakar hannu za su kwana. Dattijon da aka kulle masa magani a babbar jaka, to sai hantsi ya dubi ludayi kafin ya sha.

Akwai hanya ta biyu, wato mutum ya riƙe kayansa ya sauko da su da kansa. Su ake fara kira, kuma wanda ya bi wannan hanya yakan iya kasancewa a bakin titi kafin takwas da rabi. Amma ba ɗan dako, ba amalanke, ba ma'aikacin da zai kama maka, kuma lifta a cike take zuwa. Matashi mai jaka ɗaya ya yi haka. Alhaji mai iyali da jaka shida da ƙullin tsarabar Deira, unguwar kasuwannin Dubai, kada ma ya soma.

Sai maganar kuɗi, wadda ta fi shafar mu 'yan Najeriya. A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi, komai a katin ɗaki ake rubutawa, har da kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum kowace rana ko ya sayi wani abu ko bai saya ba. Wanda ya haɗa katin banki, da kansu za su cire. Mu kuwa katin naira ba kullum yake amsawa a waje ba, da yawanmu tsabar dala ko yuro muke ajiyewa tun ranar shiga. Mai irin wannan asusu dole ya je teburin karɓar baƙi da ƙafarsa, ko ya cika abin da ya hau kansa ko ya karɓi ragowarsa. Idan saura ko dala biyu, na'urar ƙofa za ta yi ƙara, a fitar da mutum daga layi, a mai da shi teburin, iyalinsa kuma suna tsaye suna jira. Ku je da yamma ranar jajibiri, bayan la'asar, ku nemi a buga muku takardar lissafi ku duba layi-layi. Da dare layin teburin nan yakan yi tsawo, da safe kuwa ba a magana. Idan jirgin irin masu karɓe fasfo ne tun ranar shiga, a wannan yammar ma za ku tambayi wuri da lokacin da ake mayarwa.

To ga inda raina ya ɓaci. A tsakiyar tafiya sun raba wata takarda da Turanci suna tambayar lokacin tashin jirgin saman kowa, don da ita ake raba launi. Ayarinmu ya cike ta, an mayar a kan lokaci, an kuma rubuta cewa ɗakunanmu na ayari ɗaya ne. Daren sauka sai ga launi uku daban-daban. Matasa an ba su rukunin takwas da kwata, iyayenmu Baba Alhaji da Hajiya, waɗanda ɗakinsu ke wani hawan bene daban a jirgin, an jefa su rukunin kusan ƙarshe. Aka je teburi aka yi bayani, matar da ke teburin ta ce an gyara a kwamfuta, sabbin takardu na nan zuwa ɗaki, kuma keken marasa lafiya zai zo wa Hajiya ƙarfe takwas. Har lokacin fitar da kaya ya cika ba takardar da ta zo, ala tilas aka ɗaura tsohon launin. Da safe ba keke, ba wanda ya zo ya ce uffan.

Dokarsu ita ce a bar ɗaki wajen ƙarfe takwas, masu shara kuma tun kafin nan suna ƙwanƙwasa ƙofa. Wanda aka ba rukunin goma da kwata, awa biyu ke nan ba shi da wurin zama sai zauren da aka tura shi. Wurin karin kumallo yana buɗewa da wuri ranar, yana kuma rufewa da wuri, kowa kuma da jakar hannunsa ya shiga, kujera ta yi wuya. Bakin lifta kuwa sai ka ce kasuwar Maigatari ranar Alhamis: ta buɗe a cike, ta rufe, ta wuce. Dabarar da ke aiki ita ce a shiga mai hawa sama a sauko tare da ita, amma ba kowane dattijo ne zai iya wannan turereniya ba. Hajiya da ciwon gwiwa aka sauko da ita hawa biyu ta matakala, tana dafe da ƙarfe, tana salati. Wannan abin har yanzu idan na tuna shi sai na ji zuciyata ta yi zafi, domin keken nan ba alfarma muka roƙa ba, suna da su, kuma an rubuta sunanta.

Da aka je zauren, sai aka ce mana masu keke a wani wuri daban ake tara su, kusa da ƙofar fita, kuma can ake zuwa a same su. Ba haka aka faɗa da dare ba. Ku riƙe wannan: ku tambayi ainihin wurin da masu keke ke taruwa da lambar hawan, ku sa a rubuta muku a takarda, ku kai dattijonku can da wuri tun lifta ba ta cika ba.

Kiran rukuni ma bai tafi yadda aka buga ba. Izinin sauka ya makara kaɗan, to duk jadawalin ya ja baya. Wannan ba laifin kowa ba ne, yakan faru, har hazon safiya na lokacin sanyi yana iya hana jirgi shiga tasha da wuri. Laifinsu shi ne rashin bayani. Sanarwar a cikin zaurukan jira kawai ake jin ta sosai, da harsuna huɗu ko biyar a jere, kafin a zo kan wanda kake ji hayaniya ta danne shi. Mutane suka gaji suka fara tururuwa ƙofa ba tare da an kira launinsu ba, matakala ta toshe, waɗanda aka kira suka rasa hanya. Kuma wanda ya riga launinsa sauka bai ci ribar komai ba, don kayansa ba su fito ba, tsayuwar da ya guje wa a sama ita zai yi a ƙasa, can ma ba kujera. Matasanmu da aka kira da wuri suka ƙi sauka su bar iyaye, daidai ne kuma, ana barin mutum ya sauka bayan rukuninsa, kafin rukuninsa ne ba a so.

Daga lokacin da aka kira launin su Baba zuwa tsallake gadar sauka, kusan minti ashirin da biyar. Tantance fasfo ya ɗan ja, amma ya tafi lafiya tunda bizarmu mai shiga da fita sau da yawa ce. Ku tabbatar da wannan tun a gida: jirgin yana fita daga Daular Larabawa ya shiga Katar, wani har Bahrain ko Oman, ya dawo, biza mai shiga ɗaya ba ta wadatarwa. A zauren kaya jakunkuna a jere suke layi-layi bisa launi, kuma baƙaƙen jakunkuna masu kama da juna ba iyaka. Ɗaya daga cikin namu ba ta cikin layinta. Takardar launin ta tsinke wajen lodi, sai aka ajiye ta a kusurwar da ake tara marasa alama, ba wanda ya nuna mana kusurwar sai da aka zaga zauren kaf. Ku ɗaura ƙyallen atamfa mai haske a hannun kowace jaka, ku manna suna a jikinta da salatif ban da takardar launin, ku ɗauki hotonta a waya kafin a fitar da ita. Idan ba ku ga jaka ba, wajen marasa alama za ku fara dubawa.

Wani abin da ake mantawa shi ne kayan da aka karɓe ranar shiga. Duk abin da ke ɗaukar zafi ba a barin sa a ɗaki saboda gobara: dutsen guga, butar lantarki, kaskon turaren wuta na matanmu. Suna ba da 'yar takarda, ranar sauka a karɓa a wani teburi wajen fita. Wanda ya wuce ƙofar kwastan bai karɓa ba, komawa ciki ba ta yiwuwa cikin sauƙi. Kada kuma a cusa lemo da ayaba da burodin jirgi a jaka, ba a son a fita da abinci.

Da fari na ce tafiyar ta kai kuɗinta. Da nake rubuta wannan ina tuno safiyar, gaskiya na rage. Ga matashi ko mata da miji masu ƙarfi a jika, eh, ta kai. Amma wanda zai kai iyaye don ya faranta musu, wannan kamfanin ban yarda na tura shi ba sai sun gyara yadda suke kula da tsofaffi ranar fita. Mako guda ana Alhaji sannu, Hajiya me za a kawo, ranar ƙarshe kuwa hankalinsu ya riga ya koma kan masu shigowa, mu ko oho. Ma'aikatan ƙasa ba na ganin laifinsu, tun dare suke jidar kaya. Tsarin ne ba a yi shi da mai rauni a zuciya ba.

Wajen sha ɗaya saura muka fito bakin titi, sai layin tasi. Idan jirgi biyu suka sauke mutane a safiya ɗaya, layin nan ma yakan ci minti ashirin zuwa rabin awa, kuma ƙaramar tasi ba ta ɗaukar mutum huɗu da manyan jakunkuna, sai an jira babba. Ku tambayi ejan a wace tasha jirginku zai tsaya, don Dubai tana da biyu. Mina Rashid tana kusa da Deira da babban filin jirgin sama, tafiyar kamar minti ashirin. Dubai Harbour tana can wajen Marina, a ware mata minti arba'in idan akwai cunkoso. Ku haɗa da awa ukun da ake so mutum ya isa kafin tashin jirgin sama na ƙasa da ƙasa, ku tuna ana rufe awon kaya awa ɗaya kafin tashi. Mai iyali kada ya karɓi tikitin da zai tashi kafin ƙarfe biyu ko uku na rana, ko da ejan ya rantse masa cewa jirgin ruwa bakwai yake isowa. Wanda ke da hali ya kwana ɗaya a Deira ya tashi washegari, ya fi kwanciyar hankali, tunda hanyar Kano ta Addis Ababa ko Alkahira ko Doha idan ta kuɓuce ba lallai a samu gurbi a ranar ba, ga kuɗin canjin tikiti na mutum biyar ko shida.

Dubai tana gaban Najeriya da awa uku, don haka ku faɗa wa na gida lokaci da agogonmu. Direban da zai tarbe ku a filin jirgin Malam Aminu Kano kada ya taso daga Gumel ko Haɗeja sai kun kira shi kun ce an auna kaya an ba ku takardar shiga jirgi. Ƙorafin keken Hajiya da launin da aka ce an gyara kuwa, na rubuta musu ta imel da lambar ɗaki da lokacin da aka yi alkawarin, amsar da ta zo godiya ce da tallar tafiyar baɗi da ragi. Na sake tura musu, ina jira.