Chrome ko Firefox: wa za ka fara kai wa rahoton ɓaraka?

Wa alaikumus salam, ƙanina. Tsakanin Chrome da Firefox, wanne za ka fara farautar ɓarakar tsaro a cikinsa ka kai wa masu shi rahoto? Firefox. Ka zauna a kansa har sunanka ya fito sau ɗaya ko biyu, sannan ka leƙa wani wuri in ka ga dama.

Na san abin da ke jan ka zuwa Chrome, don duk wanda ya shigo harkar nan lambar da ya fara haddacewa ke nan: dala 250,000. Ba ƙarya ba ce, tun watan Agustan 2024 Google suka kai ƙololuwar tukwicinsu can. Sai dai ba a ba mutum wannan don kawai ya sa shafi ya mutu. Chrome yana kulle kowane shafi a keji, yadda ko mai kutse ya ƙwace shafin ba zai taɓa sauran kwamfutar ba. Kuɗin nan na wanda ya nuna, da hujja mai aiki, cewa zai iya gudanar da umarninsa a wajen kejin ne. Masu iya haka ba su da yawa a duniya, kuma da dama cikinsu albashi ake biyan su don wannan aikin kaɗai.

Ni rahotona na farko da ya ci, Mozilla, masu Firefox, na kai wa. Kwamfutar da nake da ita lokacin tsohuwar HP ce 'yar gwanjo da na saya a Beirut Road, batirinta ba ya kai mutum ko'ina, sai in jona ta da inbata ta kwana tana aiki. Na sauke irin Firefox ɗin da aka haɗa da ASan, wato manhajar da ke sa ido a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta, da zarar burauza ta taɓa wurin da bai kamata ba sai ta tsayar da ita ta rubuta abin da ya faru. Na sa fuza, wato manhajar gwaji, tana ta ƙera shafukan shirme tana jefa masa, ko za a dace wani ya kayar da shi. Wata asuba na dawo daga masallaci na tarar da jan rubutu a allo: heap-use-after-free.

Abin da wannan ke nufi, kamar ɗan haya ne ya tashi, mai gida ya ba wani ɗakin, amma tsohon ɗan hayan bai mayar da makulli ba. Burauza ta saki wani yanki na ƙwaƙwalwa, an ba wani abu wurin, ita kuma tana nan tana amfani da tsohon adireshin. In mai kutse ya samu ya zama shi ne sabon mai ɗakin, ya tsara abin da za a tarar a ciki, shi ke nan. Ba ciwon Firefox kaɗai ba ne. A 2020 masu Chromium, wato tushen da aka gina Chrome a kansa, sun duba manyan ɓarakokinsu 912 tun daga 2015, suka ga kusan kashi 70 cikin 100 matsalar ƙwaƙwalwa ce, kuma rabin waɗannan irin wannan ne na amfani da wurin da aka riga aka saki.

Shafin da ya kayar da shi dogo ne, cike da tarkacen da fuza ta zuba. Na yi ta yanke layi ina sake gwadawa, in ya daina mutuwa in mayar, in ya mutu in ci gaba da yanka, har ya rage ɗan abin da bai cika allo ɗaya ba. Na shiga Bugzilla, shafin da Mozilla ke karɓar rahoton kurakurai, na liƙa shafin da rubutun ASan gaba ɗaya da lambar fitowar Firefox ɗin, na danna ɗan akwatin nan da ke cewa matsalar tsaro ce a ɓoye ta daga jama'a. Wannan akwatin kada ka kuskura ka tsallake shi, don in ba ka danna ba kowa a duniya zai iya karanta rahoton.

Abin da ya sa har yau nake son mutanen nan shi ne abin da ya biyo baya. Turancina na lokacin sai a hankali, amma ba wanda ya tsaya a kansa. Wani injiniyansu ya gwada, ya rubuta cewa ya ga abin a wajensa, ya jawo wanda ke kula da wannan ɓangaren. Ina zaune a Kano ina kallon su suna gardama kan ainihin inda kuskuren yake, ɗaya ya kawo gyara, ɗaya ya ce bai rufe duka hanyoyin ba, aka sake. Ka san ko a jami'a ba a koya min abin da na koya daga karanta wannan musayar ba. Aka sa wa rahoton alamar sec-high, wato ɓaraka mai tsanani. Akwai wata 'yar tuta da ake kira sec-bounty, tana ɗauke da alamar tambaya muddin kwamitinsu bai zauna ba. Ranar da na buɗe na ga alamar tambayar ta koma alamar tarawa, sai da na tashi na zaga tsakar gida. Kuɗin bai kai na sayen mota ba, amma ya canza min kwamfuta ya ƙara min batirin sola, kuma da aka fitar da sanarwar tsaro ta wannan fitowar, ga sunana a gefen lambar CVE, wato lambar rajista da ake ba kowace ɓaraka.

Ba sabon shiga ba ne su a wannan. Netscape, kakan Firefox, ya fara biyan masu gano kuskure tun 1995. Mozilla suka buɗe nasu shirin a 2004 da dala 500, shekara shida kafin Google su buɗe na Chromium a Janairun 2010. A 2010 ɗin Mozilla suka ɗaga zuwa dala 3,000, kuma a shekarar wani yaro ɗan shekara 12 a San Jose ya karɓe ta cif. Tsakanin 2017 da 2019 sun biya dala 965,750 a kan ɓaraka 348, ka raba ka gani, kusan dala 2,775 kowace. Wannan ita ce lambar da ya kamata ka riƙe a kai, ba 250,000 ba. Ka juya ta zuwa naira ka faɗa min ko ƙaramin abu ne.

Akwai kuma wani adalci da suka fito da shi a 2020 wanda ya fi amfanar irinmu. A al'adar harkar nan, wanda ya riga kai rahoto shi ke da kuɗi, na biyu ko da minti goma aka riga shi sai dai a ce masa an gode. Su sai suka ce duk waɗanda suka kawo abu ɗaya cikin awa 72 da rahoton farko, za a raba musu. Ga mutumin da wuta za ta iya ɗauke masa yana tsakiyar rubutu, wannan ba wasa ba ne. Sai dai ka lura, in a Nightly ka gano abin, wato fitowar gwaji ta kullum, suna ba kansu kwana huɗu daga shigar kuskuren ko na'urorinsu za su kama shi da kansu.

Wajen saurin gyara ma ba su da wasa. A gasar kutse ta Pwn2Own ta Maris 2024 a Vancouver, Manfred Paul ya fasa Safari da Chrome da Edge da Firefox duka, ya tafi da dala 202,500; Mozilla suka fitar da gyara cikin ƙasa da kwana guda. A Oktoban shekarar kamfanin ESET ya kai musu wata ɓaraka da masu kutse suke amfani da ita a kan mutane a zahiri, awa 25 suka ɗauka.

Chrome kuma, to, kuɗi yana can, tsarinsu a shimfiɗe yake, suna biya, ba zan ce maka ba sa biya ba. Amma fili ne da ClusterFuzz, tarin na'urorin Google da ke jefa wa burauzar shirme dare da rana, ya riga ya share kafin ka farka, ga manyan mafarauta na duniya duk a kansa. In ka ce za ka haɗa Chromium da kanka daga tushe, su da bakinsu sun ce ka tanadi fili gigabait 100 da RAM da ya haura 16 in kana son sauƙi. Firefox gigabait 30 yake nema. Duka biyun suna da haɗaɗɗen ASan da za ka sauke kai tsaye, amma ranar da za ka so bin kuskure cikin kod ɗin, kuɗin data da ƙarfin kwamfuta za su yi magana. Abu ɗaya da zan yaba wa masu Chrome: kamar makonni 14 bayan gyara suna buɗe rahotannin tsaro ga kowa. Ka riƙa karanta su, makaranta ce kyauta.

Ko da ka bi shawarata, wata rana za ka ci karo da abu a wata burauzar, don haka ka san ƙofar kowa. Edge da Brave da Opera da Samsung Internet duk a kan Chromium aka gina su. In abin yana faruwa a Chrome ma, Chromium za ka kai wa. In a Edge kaɗai yake, na Microsoft ne. In fayil ɗaya ya kayar da Chrome da Firefox a tare, mai yiwuwa laifin na wani ɗakin kod ne da suke tarayya a kai, kamar na libwebp, mai buɗe wani nau'in hoto, a Satumbar 2023, inda hoto ɗaya ya isa, kuma sai da kusan kowace burauza ta fitar da gyara. Nan ka sanar da duka biyun, ka gaya wa kowa ka sanar da ɗayan.

Kuma don Allah ba kowace mutuwar shafi ce ɓaraka ba. Shafi ya cinye ƙwaƙwalwa ya sandare, ba tsaro ba ne. Ka buɗe kayan aikin masu gina shafi ka mayar da ɗigo-ɗigon kalmar sirri ta zama rubutu, ba tsaro ba ne, tunda sai mutum ya zauna a gaban kwamfutarka a buɗe. Ka liƙa JavaScript da hannunka a wurin adireshi ya yi aiki, kai ka yi wa kanka. Waɗannan sun sha ganin su har sun rubuta su cikin jerin abin da ba sa karɓa. Haka wanda zai sa manhajar AI ta tsara masa rahoto mai ban tsoro a kan abin da bai gwada ba. Daniel Stenberg, wanda ya ƙirƙiri manhajar curl, ya yi ta kuka da irin waɗannan. Abin da ba ka gani ya mutu a kwamfutarka ba, kada ka aika.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba. Ranar da ka fara cewa kana farautar ɓaraka a fili, za su zo maka ta Telegram da X. Wani zai ce shi dillali ne, yana da mai saye a Dubai ko Rasha da zai ninka abin da Mozilla za su ba ka sau goma, "kawai turo samfurin mu tabbatar." Kana turawa an gama. Ko ya ɓace, ko ya kai rahoton da sunansa, kai ka zo daga baya a ce an riga ka, ya yi maka sakiyar da ba ruwa. Dillalan gaske suna nan, kamar Crowdfense da a 2024 suka tallata har dala miliyan 3 a kan Chrome. Amma su cikakken makami mai aiki suke saye, ba shafin da ya mutu ba, ba sa bin yara a Telegram, kuma hukumomin gwamnatoci suke sayar wa. Ba gyarawa za a yi ba, amfani za a yi da shi a kan wani. Ni ban ga kuɗin da zai sa in kwana da wannan ba.

Sai masu sayar da kwas, "zama gwanin farauta cikin wata ɗaya", da hoton dala a bayansu. Ka ce ya nuna maka lambar CVE ɗaya mai sunansa a sanarwar Mozilla ko ta Chrome, duk a buɗe suke. Yawanci nan hirar ke ƙarewa. Wasu kuma "fuza ta sirri" suke sayarwa, alhali Domato da Fuzzilli da Grizzly duk kyauta suke a GitHub, sun canza musu suna ne kawai. In ka yi rashin sa'a ma da ƙari a ciki. A Janairun 2021 Google suka fallasa wasu masu kutse da ke da alaƙa da Koriya ta Arewa, waɗanda suka buɗe shafukan bogi a Twitter kamar masu bincike, suka yi ta abota da masu binciken gaske, sannan su turo musu aikin manhajar rubuta kod ta Visual Studio wai a haɗa kai, a ciki kuwa akwai manhajar leƙen asiri. Ƙwararru aka yi wa haka, ba 'yan koyo ba. Duk abin da baƙo ya turo maka, a kwamfutar gwaji za ka buɗe shi, ba wadda ka ajiye aikinka ba.

Gwajinka ya tsaya a kwamfutarka da burauzarka. Ranar da ka ɗora shafin a intanet ka tura wa aboki "don ka ga ko zai yi", ko ka gwada a shafin wani banki, ka fita daga bincike ka shiga hurumin dokar laifukan intanet ta 2015. Kuma bayan ka aika rahoto ka kama bakinka, har a nan cikinmu kada ka sa hoton allo. Al'adar da Project Zero na Google suka kafa ita ce kwana 90 kafin a fallasa, amma da burauza da wuya ka jira haka. Ka bari su gyara su buɗe da kansu.

Ka buɗe asusun dala tun yanzu, sunan da ke kai ya yi daidai da na fasfo ko katin ɗan ƙasa harafi da harafi, don kamfanonin Amurka za su nemi ka cike takardar haraji ta W-8BEN kafin su saki ko sisi. Sannan ka sauke Firefox mai ASan, ka zaɓi ɓangare ɗaya tak, ka karanta tsofaffin rahotanninsa da aka buɗe a Bugzilla, kana bin kod ɗin a Searchfox, shafin binciken kod ɗin Firefox. Ka faɗa min RAM nawa kwamfutarka take da shi, in gaya maka fuzar da za ta iya ɗauka.