Mai gyaran da ya ƙi buɗe wa kowa ƙofa

Ni ke riƙe da lissafin shagonmu na sarin kayan masarufi kusa da Kasuwar Sheikh Gumi. Manhajar lissafin tana kan babbar kwamfuta a ofis, kwamfutar da ke kan kantar shago kuma daga can take janyo bayanai. Ranar da muka sauya ta kan kantar da sabuwa, sai manhaja ta ƙi tashi, kullum lamba ɗaya take nunawa: 0x80070005, wato an hana ta izini. Wanda muka fara kira ya goge Windows ya sake sakawa. Kwana biyu muna rubuta ciniki a littafi, matsala tana nan daram.

Maƙwabcinmu ne ya haɗa mu da wani matashi mai shago a bayan titin Ahmadu Bello. Ko kallon sabuwar bai yi ba, babbar ya nufa. Ya ce, "Hajiya, mai gida ne ya hana baƙo shiga, can za mu duba." Ya bayyana mini cewa manhajarmu da DCOM take aiki, tsarin da ke ba wata kwamfuta damar tayar da wani ɓangaren manhaja a cikin wata. Ya buɗe dcomcnfg, wato wurin saita DCOM a Windows, sai ga shi asusun shiga na sabuwar ba shi da izinin tayarwa daga nesa. Ya buɗe asusu mai suna da kalmar sirri iri ɗaya a kwamfutocin biyu, ya sa shi cikin rukunin Distributed COM Users, ya ba shi izinin, ya tabbatar kafa ta 135, ƙofar sadarwar da DCOM ke bi, a buɗe take tsakaninsu kawai.

Abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne da Alhaji ya gaji ya ce a ba kowa izini a huta. Cikin ladabi ya ƙi. Ya ce lissafin dukiya ne a ciki, kuma tun Maris 2023 Microsoft ta wajabta ƙarin tsaro a kan DCOM, saboda haka gara a sabunta kwamfutocin a bi ƙa'ida.

Aibinsa ɗaya: ya ce ƙarfe goma, sai bayan azahar ya iso, waya kuma ba ya ɗauka da wuri. Amma kafin la'asar mun koma buga rasit, ya kuma rubuta mini duk abin da ya taɓa a takarda, tana nan cikin durowata.