Gargaɗi ga mata masu neman haihuwa: a kula da masu tallar ruwan ganye "mai buɗe mahaifa"

'Yan uwa mata, don Allah a yi hattara. Masu talla sun cika Facebook da WhatsApp da TikTok suna sayar da tataccen ruwan ganyen zogale ko shuwaka a kwalba, wai yana buɗe toshewar mahaifa, yana narkar da ƙari, mace ta ɗauki ciki cikin wata guda. Kullum bakinsu "bincike ya tabbatar".

Binciken da suke fakewa da shi yawancinsa a kan ɓeraye aka yi. Abin da suke ɓoyewa kuma shi ne, a wasu gwaje-gwajen tataccen ruwan zogale mai yawa ya zubar wa ɓeraye ciki, na shuwaka kuwa an ga yana sa mahaifa murɗawa kamar ta mai naƙuda. Ki duba halin matar da ta shekara tana jira, ciki ya shiga ba ta sani ba, tana ta ɗirkar wannan ruwa safe da yamma. Ganyen kansa ba shi da laifi. Haɗarin yana cikin tataccen abin da ba awo, ba sunan mai haɗawa, ba lambar rajistar hukumar magunguna, ba wanda ya san me aka zuba a ciki.

Salonsu ɗaya ne. Kuɗi kafin kaya, hotunan gwajin ciki da ba a san na wa ba ne, sai muryoyin mata suna godiya. In bai yi aiki ba a ce sanyinki ya yi yawa, sai kin ƙara kwalba. Ranar da kika nemi kuɗinki a toshe lambarki.

Abin da ya fi ci min rai shi ne lokacin da suke cinye wa mace. Toshewar hanyar ƙwai sau da yawa tabo ne da ciwon sanyi ya bari, ruwan ganye kuwa ba ya kankare tabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, maza da mata. Saboda haka in an yi wata 12 ba ciki, ko wata 6 ga wadda ta haura shekara 35, ku je asibiti ke da maigida, shi ma a gwada maniyyinsa.

Wadda ta riga ta fara sha kuma ta ga ɓatan wata, ta dakata ta yi gwajin ciki. In jini ya ɓalle ko mara ta riƙe, ta tafi asibiti nan take, ta riƙe kwalbar ta nuna wa likita.