Sensar iskar taya: ta kamfani ko wadda ake saita wa lamba?

Malam, ka ce fitilar taya ta Camry ɗinka ƙirar 2010 tana ƙiftawa idan ka tayar da mota, daga baya ta tsaya a kunne, kuma bakanike ya ba ka zaɓi tsakanin sensar kamfani da wadda ake saitawa ga kowace mota.

Ƙiftawar tana da muhimmanci. Fitilar da ta kama ta tsaya tun farko ƙarancin iska take nunawa, abin da ke yawaita da sanyin safiyar hunturu, kuma geji a wurin mai faci zai raba gardama. Wadda ta yi ƙiftawa kamar minti ɗaya kafin ta tsaya kuwa, kwamfutar mota ce ta daina jin ɗaya daga cikin sensocin, wato 'yan na'urorin da ke cikin tayoyi suna auna iska suna aika mata saƙo. Batirinsu a rufe yake, ba a canza shi, kuma yakan yi shekara 5 zuwa 10, saboda haka motarka ta wuce wa'adi. Duk da haka, a ɗora na'urar gwaji a kan kowace taya tukuna, domin sau da yawa ƙarfen mai faci ne ya fasa sensar a gindin bawul lokacin ɓare taya.

Ta kamfani tana zuwa da lambarta, tana zama daram a kan rim, kuma ingancinta sananne ne. Sai dai tana da tsada, jabunta ya cika kasuwa, sannan a Toyota dole ne a shigar da sabuwar lambar cikin kwamfutar mota ta mashigar OBD, wato wurin da ake jona na'urar gwaji a mota, in ba haka ba fitilar ba za ta mutu ba.

Wadda ake saitawa, irin ta Autel ko Schrader, ba tare da lambar motarka take zuwa ba. Ana iya kwafa mata lambar tsohuwar, ko daga jikin sensar ko daga kwamfuta, har motar ta karɓe ta ba tare da sabuwar rajista ba. Rauninta shi ne ta dogara ga hannun mai saitawa: idan ya zaɓi shekarar da ba ita ba, aikin ya ɓaci.

Akwai kuma batun zango, wato zangon rediyon da sensar ke aika saƙo ta kansa. Motocin da aka ƙera don Amurka, inda doka ta wajabta wannan tsarin tun 2007, galibi 315 MHz suke amfani da shi, na Turai kuwa 433 MHz. Tunda motocin Kwatano daga ɓangarorin biyu suke shigowa, ana yawan sayar wa mutum wadda motarsa ba za ta taɓa ji ba. Da yawa daga cikin masu saituwa suna ɗaukar zangon biyu.

A ganina, idan kana da ƙwararre mai na'ura, ka ɗauki mai saituwa, ka canza huɗun gaba ɗaya tare da robar bawul, tunda sa'o'in juna ne. Ta gwanjo da aka ciro daga wata mota kuwa, ka bar ta, domin batirinta ya tsufa kamar naka.