Gargaɗi ga masu babur kan "ruwan hana faci" da jakar faci ta bogi

'Yan'uwa masu babur, musamman 'yan acaɓa da masu kai kaya ƙauye, a yi hattara da masu yawo a tashoshi da ranakun kasuwa, da masu talla a Facebook da WhatsApp, suna sayar da wani ruwa mai kala a gora, wai da zarar an ɗura shi a taya an rabu da mai faci har abada. Sukan haɗa da 'yar jaka mai ɗauke da zaren roba mai danƙo, da ƙarfe mai kaushi, da allura mai tsaga, da gam.

Irin waɗannan kaya akwai na gaskiyarsu, kuma suna aiki a inda aka yi su dominsa. Yaudarar tana cikin kalmar da suke maimaitawa: "yana yi wa kowane babur". Zaren roban nan na taya tubles ne kaɗai, wato taya marar tiyub a ciki. Yawancin baburan haya, irin su Bajaj Boxer mai rim ɗin wayoyi, tiyub ne a cikin tayarsu. Iskar tana cikin tiyub, kai kuma ka cusa zare a jikin taya, to me ka toshe? Ƙarfen da za ka zura ma ƙara yaga tiyub ɗin zai yi. Kafin ka ciro kuɗi, duba gefen tayarka, a nan ake rubuta ko tubles ce ko mai tiyub.

Gwajin da suke yi a gaban jama'a shi ne tarkon. Taya tubles suke kawowa, su buga siririyar ƙusa a tsakiyar bayanta inda roba ta fi kauri, su zare, su juya tayar nan take. Taya tubles ko babu komai a cikinta takan daɗe ba ta sace ba idan ƙusar siririya ce, don robar tana matse ramin. Ka ce a gwada a tiyub, ko da ƙusa mai kauri, ko a ajiye tayar rabin awa a auna iskarta da geji. Za ka ga mutum ya fara haɗa kayansa.

Ruwan gaskiya yana da zaruruwa ƙanana a cikinsa, su ne iska take turawa su toshe rami. Ko shi ɗin, iyakarsa rami mai faɗin milimita 6 a tubles, kusan milimita 3 a tiyub, kuma a tsakiyar taya kawai, ba ya toshe yagewar gefe ko ta gindin bawul. Na bogin kuwa ruwa ne da kala da wani abu mai kauri kamar sitaci. Ɗiga shi a tafin hannu ka murza: idan ba ka ji zare ba, ko ya rabu ruwa a sama laka a ƙasa, ko yana warin tsami, ajiye shi. Gorar da ba ta da sunan kamfani da ranar ƙarewar aiki, ko murfinta a buɗe yake, ita ma haka.

Ɓarnar ruwan bogin ta fi kuɗin da aka biya. Yana toshe fil ɗin bawul, sai famfo ya ƙi shigar da iska, ko bawul ɗin ya riƙa tsiyaya. A rim ɗin ƙarfe yana jawo tsatsa. Tayar ƙaramin babur ba ta buƙatar fiye da mililita 250, su kuwa sukan ɗura rabin lita don gora ta ƙare, sai kan babur ya riƙa rawa idan an yi gudu. Mafi ciwo, ranar da ƙusa ta kama ka a hanya, ruwan zai riƙa fitowa daga ramin yana jiƙa wurin, faci ya ƙi kamawa. Facin da mai faci zai yi maka cikin minti goma ya koma sayen sabon tiyub, watakila kana ɗauke da fasinja a inda babu shago.

Mai tiyub, abin da zai fishe ka shi ne libar taya biyu, sifana daidai da notin ƙafar babur ɗinka, filaya, samfefa, faci, sabon gam, famfon hannu, da tiyub na ajiya daidai da lambar tayarka, misali 3.00-17. Ka goge wurin da samfefa ya fi facin faɗi, ka shafa gam siriri, ka jira kamar minti biyar ya sha iska ya daina sheƙi, sannan ka manna ka danne da ƙarfi. Manna faci a kan ɗanyen gam shi ne ya fi sa faci tashi. Kada ka mayar da tiyub sai ka shafa cikin tayar da hannu ka ciro ƙusar ko ƙayar.

Mai tubles, zaren gaskiya yana da laushi, yana manne wa yatsa. Wanda ya bushe yana karyewa ya gama aiki, haka gam ɗin da ya daskare a bututunsa. Ko ka toshe da mai kyau, na wucin gadi ne: kada ka wuce kilomita 80 a awa, ka kai wa mai faci ya liƙe ta ciki. Ramin gefe kuwa sai sabuwar taya.

Masu tallan intanet sukan ce a turo rabin kuɗi da kuɗin mota kafin a aiko. Kada a tura. A saya a shagon kayan babur da za a iya komawa, a buɗe jakar a gaban mai shago, a karɓi rasit. Wanda aka riga aka cuta ya adana gorar da shaidar biya, ya sanar da shugabannin ƙungiyar tasharsu, sannan ya kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ko hukumar ingancin kaya ta SON.